JEAN HARLOW: 'YAR WASAN DA FARIN GASHI YA FITO DA ITA

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka mu ji tarihin wata 'yar wasan silima wadda ta sa dubban mata suka shiga rina gashi, ita kuwa ta sha wuyar abin.

An haifi Jean Harlow ran 3 ga Maris, 1911, a birnin Kansas na jihar Misuri. Sunanta na yanka Harlean Carpenter, ubanta likitan haƙori ne. Sunan da duniya ta san ta da shi kuwa na uwarta ne ta ara. Tana da shekara 16 ta yi aure, ta koma birnin Los Anjalis, inda ta fara samun ƙananan wasanni. A 1930 wani attajiri, Howard Hughes, ya sa ta cikin fim ɗinsa mai suna Hell's Angels. Daga nan fa sai tauraronta ya haska.

Abin da ya fi jan idon jama'a shi ne gashinta, fari fat yana ƙyalli kamar azurfa. A 1931 aka yi wani fim da ita, aka sa masa suna Platinum Blonde don a tallata wannan gashi. Mutanen Hughes har suka sa ladan dala 10,000 ga duk mai gyaran gashin da ya iya fitar da irin launinsa, ba a kuwa sami wanda ya ci ba. Mata suka yi ta rububin sayen ruwan dusar da gashi, kowace tana so a ce ta yi kama da Jean. Kun ga ke nan dalilin rini bai sauya ba har yau: wata don ta ɓoye furfura, wata don yayi, wata don ta yi kama da wadda take sha'awa.

To, yaya ake yin wannan farin? Ita dai takan ce haka Allah ya halicce ta. Amma mai gyara mata gashi ya bayyana daga baya cewa kowane mako sai an shafa mata haɗin ruwan feroksaid, da amoniya, da ruwan bilic na wanki mai suna Clorox, da garin sabulun Lux. Amoniya da bilic kuwa in suka gamu sukan fitar da iska mai guba, mai ƙona ido da huhu. Ana nan gashin ya raunana, ya dinga karyewa yana zubewa, har ta koma sa gashin kanti. Wajen 1935 ta haƙura da farin, ta koma launi mai duhu-duhu. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

A 1937, ana cikin ɗaukar fim ɗin Saratoga tare da Clark Gable, sai ciwo ya kwantar da ita. Da fari an zaci mura ce, ashe ƙodarta ce ta gaza. Ta rasu ran 7 ga Yuni, 1937, tana da shekara 26 kacal. Nan da nan jita-jita ta bazu, wai rinin gashi ne ya kashe ta. Ba a sami hujjar haka ba. Masu binciken tarihinta sun fi karkata ga wani zazzaɓi mai jan ƙuraje da ta yi tana da shekara 15, wanda yakan taɓa ƙoda a hankali. A lokacin kuma ba a fara amfani da na'urar wanke ƙoda a asibitoci ba tukuna.

Rinin kanti na yanzu ya fi wancan haɗi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba a rasa abin lura. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda yakan sa wasu ƙaiƙayi, da ƙuraje, da kumburin fuska. Shi ne kuma ake zubawa cikin baƙin lalle don ya kama da wuri. Likitocin Sudan sun sha ba da rahoton mata da yara da ƙodarsu ta lalace saboda shi, musamman waɗanda suka sha shi. Game da ciwon daji, hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta sami tabbacin cewa mai rina kanta jefi-jefi tana cikin haɗari ba, amma ta nuna damuwa ga masu sana'ar gyaran gashi da ke taɓa shi kullum.

Saboda haka, uwargida, in za ki yi rini, ki ɗan shafa kaɗan a bayan kunne ki jira kwana 2 ki gani. Ki sa safar hannu, ki buɗe taga, kada ki wuce lokacin da aka rubuta a jikin kwali. Kada ki rina gira ko gashin ido, kada ki shafa a kan da ke da miki, kada kuma ki yi haɗin kanki da kayan wanki. Ki ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Lallenmu na gargajiya, in ba a gauraya shi da kome ba, da wuya ya cuci jiki.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.