Marigayi Sarkin Kano Abbas

Muhammadu Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Yana Wambai Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki cikin 1903, ya rasu cikin 1919.

A zamaninsa Dutse tana ƙarƙashin Kano. Alƙalai ke yanke ƙananan shari'u a gundumomi, amma maganar kisan kai da manyan rigingimun gona sai Majalisar Sarki. Malaman majalisar suka riƙa rubuta hukuncinsa da Larabci. Daga rubutunsu na 1913 da 1914 Allan Christelow ya fitar da littafi cikin 1994, masu bincike suka ga iyakar ikon Sarki da na alƙali.

Akawuna, ku lura: abin da aka rubuta shi ke saura. Allah ya ji ƙansa, amin.