Firedirik na Uku, Sarkin da Ya Yi Mulki Ba Murya

An haifi Firedirik na Uku a 1831, ya hau gadon sarautar Jamus ranar 9 ga Maris, 1888, wata guda bayan likitoci sun huda masa maƙogwaro saboda ciwon daji. Da alƙalami ya riƙa ba da umarni.

Masana tarihi kan tsaya ga muryar da ya rasa. Ni kuwa akushinsa nake tunani. Numfashin da ke bin bututu ba ya ratsa hanci, in kuwa ƙamshi ya gushe, ɗanɗano kan bi sahunsa. Ba banza Bahaushe ya haɗa su a kalmar ji ba. Daga ƙarshe ma ta bututu aka riƙa ciyar da shi. Ya rasu ranar 15 ga Yuni, kwanansa 99 bisa karaga.