Labarin Maikel Farade, Ɗan Maƙerin Da Ya Fitar Da Lantarki Daga Maganaɗisu

Yau labarin wani Bature za mu kawo, mutumin Ingila, sunansa Maikel Farade. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar lantarki a zaurensa, ko ya ja igiyar janareto a bakin rumfarsa, ko aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikin jikinsa, to ya ci moriyar aikin mutumin nan, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

An haife shi ran 22 ga Satumba, 1791, watau cikin shekara ta 1206 ta Hijira, a wata unguwa ta kudancin Landan. Ubansa maƙeri ne, ga talauci ga yawan ciwo. Yaron bai sami makaranta ba sai ta farko, inda ya koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi. Yana da shekara 13 ya shiga aike a kantin wani mai sayar da littattafai, Joj Ribo, yana kai wa mutane jarida. Da shekara ta kewayo maigidan ya ɗauke shi koyon ɗinkin littafi da yi masa bango, wa'adin shekara 7. Sana'ar ta yi kusa da ta dukawa masu yi mana tadarishi, sai dai su can ɗinke takardun su ke yi. Abin da ya raba shi da sauran yara shi ne, littafin da aka kawo a yi wa bango ya kan karanta shi tukuna. Ta haka ya gamu da babin lantarki cikin wani babban kundin ilmi, da littafin wata mace, Jen Marset, a kan ilmin sinadarai. Ya riƙa sayen tarkace da 'yan kwabbansa yana gwada abin da ya karanta, don hankalinsa ba ya kwanciya sai ya gani da idonsa.

Cikin 1812 wani mai ciniki a kantin ya ba shi takardar shiga majalisin wani babban masani, Hamfiri Debi, a gidan binciken ilmi da a ke kira Royal Institution. Ya halarci zama huɗu, ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke littafin da hannunsa, ya aika wa malamin tare da roƙon aiki. Da aka sallami wani ma'aikacin gidan saboda faɗa, cikin Maris 1813 aka ba Farade gurbinsa, yana wanke kwalabe yana shirya kaya. Cikin Oktoba Debi ya tafi da shi yawon Faransa da Italiya da Suwizalan, tafiyar wata 18. Ya sadu da manyan masana, har da Bolta wanda ya ƙago batir. Amma ya sha wulakanci, domin matar malaminsa bara ta ɗauke shi, ba almajiri ba. Ya haɗiye.

A 1820 wani masani na ƙasar Denmak, Orsted, ya lura cewa idan lantarki na bin waya, allurar kamfas da ke kusa ta kan karkace. Allurar kamfas kuwa maganaɗisu ce, ita ce matafiya ke neman gabas da ita. Ashe ke nan akwai zumunta tsakanin lantarki da maganaɗisu. Cikin Satumba 1821 Farade ya kafa sandar maganaɗisu a tsakiyar ƙoƙon zaiba, ya rataya waya bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Sai wayar ta kama kewaya sandar ba tsayawa. Wannan shi ne kakan duk injin da lantarki ke juyawa, daga fanka har injin niƙa. Murna ba ta daɗe ba, aka fara tsegumi wai ya ɗauki dabarar wani abokin Debi, Wulastan, bai ambace shi ba. Da aka zo shigar da shi ƙungiyar manyan masana ta Royal Society, malaminsa da kansa ya yi ƙoƙarin hanawa. Wanda ya zauna cikin malamai ya san irin wannan ciwo, ran da almajiri ya fara yin tsawo. An dai zaɓe shi a 1824.

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: tun da lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu, ashe maganaɗisu ba zai haifi lantarki ba? Ya gwada sau da dama cikin shekaru, bai ga kome ba. Wasu ma sun gwada. Kuskurensu ɗaya ne, su kan ajiye maganaɗisu kusa da waya su zauna suna jira.

Ran 29 ga Agusta, 1831, zamanin da Muhammadu Bello ke sarautar Musulmi a Sakkwato, ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin kamar inci 6. Ya naɗa waya a gefe guda, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ya raba su da zare da ƙyalle don kada su taɓa juna. Ta farko ya haɗa ta da batir, ta biyu ya kai ta ga allura mai nuna wucewar lantarki. Da ya haɗa batir, allura ta zabura, sa'an nan ta koma ta kwanta, alhali wuta na nan tana bin wayar farko. Da ya cire, ta sāke zabura, amma ta ɗaya gefen. Wani da ya ga wannan ɗan motsi sai ya ce kayan ne ba su da kyau. Shi kuwa ya gane cewa sirrin yana cikin sauyi: lokacin da ƙarfin maganaɗisu ke ƙaruwa ko ya ke raguwa cikin naɗin waya, a lokacin kaɗai lantarki ke tashi. Fatake za su fi kowa fahimta, domin kaya na jibge a rumbu ba su kawo riba sai sun juya. Cikin Oktoba ya tabbatar da haka ba tare da batir ba. Ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya, allura ta motsa, ya zaro, ta motsa baya. Kafin watan ya ƙare ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakunan babban maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudana muddin faifan na juyawa.

Janareto ke nan. Man fetur ba shi ne wutar ba, aikinsa juya maganaɗisu kusa da naɗin waya. A madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ruwan Kwara ne ke yin juyin. Zoben nan kuwa shi ne taransifoma ta bakin titi. Wutar da a ke kawo mana tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa, saboda haka sauyin ba ya yankewa. In naɗi na biyu ya ninka na farko sau goma, ƙarfin turin wutar ya ninku sau goma, amma yawan abin da ke gudana ya ragu daidai da haka. Ba a samun kome kyauta.

A nan ne ya yi abin da attajirai za su yi mamaki. Kamfanoni da kotuna suna biyansa kuɗi mai yawa don ya auna musu kaya ya ba da shaida. Ya rage wannan aiki har ya kusa barinsa ɗungum, don ya sami lokacin bincike, ya bar wa wasu ƙera injuna da cinikinsu. Tun a 1832 wani maƙerin kayan gwaji a Faris, Piksi, ya ƙera janareton da a ke juyawa da hannu.

Rauninsa lissafi ne, bai yi zurfi a ciki ba. Sai ya riƙa barbaɗa garin ƙarfe a takarda bisa maganaɗisu, yana duban yadda garin ke jeruwa layi layi, ya ce waɗannan layuka na ƙarfi suna nan a sarari ko ba garin. Masu lissafi da yawa ba su ɗauki maganar da nauyi ba. Wani saurayi ɗan Sikotlan, Makswel, wanda aka haifa a 1831 ɗin nan, shi ya zuba ta cikin lissafi, har ya nuna a 1865 cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce mai tafiya. Daga wannan dangi igiyar rediyo ta ke, da hasken da Rontgen ya gano a Jamus a 1895, wanda ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Naɗin waya irin na Farade ne ya ba kwalbar Rontgen wuta. Haka na'urar MRI ta manyan asibitoci: a kan sa majiyyaci cikin babban maganaɗisu, a aika igiyar rediyo cikin jikinsa, ƙwayoyin da ke cikin ruwan jikin su amsa, amsar ta ta da 'yar wuta cikin naɗin waya da aka ɗora masa, kwamfuta ta mai da ita hoto. Ɗakin kuma a kan lulluɓe shi da jan ƙarfe don kada igiyoyin waje su shiga. Wannan ma gwajinsa ne na 1836, sa'ad da ya gina akwati mai ƙafa 12, ya rufe shi da ƙarfe, ya shiga ciki, aka cika bayansa da lantarki har yana tartsatsi, ciki kuwa ko alama.

Kirista ne, na wata ƙaramar ɗariƙa mai gudun alfarma da tara dukiya. Sau biyu aka nemi ya shugabanci Royal Society ya ƙi.  Abin da bai gaji da shi ba shi ne koya wa yara, ya kan tara su a ƙarshen shekara ya yi musu bayanin abu kamar kyandir, yadda ya ke ci da abin da ya ke zama.

Tun daga 1839 mantuwa ta fara damunsa, ta yi ta ƙaruwa, har ya zama sai ya rubuta abu ya ke riƙe shi. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hamton Kot, ya zauna da matarsa Saratu, wadda ya aura tun 1821. Ba su sami haihuwa ba. A nan ya mutu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75. Tun yana da rai ya ƙi a binne shi a Westminista tare da sarakuna, saboda haka aka kai shi maƙabartar Haiget a arewacin Landan. Tamat.