Niels Bohr, Mutumin Da Ya Zana Wa Yaranmu Ƙwayar Zarra

Jama'a, duk wanda yake da ɗa ko 'ya a ajin kimiyya na sakandare ya taɓa ganin wani zane a littafinsu: ɗigo a tsakiya, da'irori sun zagaye shi. Mu da muka yi Islamiyya mun san kalmar zarra tun muna yara, amma kaɗan ne cikinmu suka san wanda ya fito da wannan zane. To shi ne Niels Bohr, mutumin ƙasar Denmak.

An haife shi a birnin Kofanhegan ranar 7 ga Oktoba, 1885. Mahaifinsa shehin malami ne a jami'a, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan wasu Yahudawa masu banki ce. Da ya gama digirinsa na dakta a 1911 sai ya tafi Ingila neman ƙari. Ya fara sauka Kembirij wajen J. J. Thomson, wanda ya gano ilektaron a 1897, amma jininsu bai haɗu ba. Bai yi fushi ya koma gida ba, sai ya wuce Mancesta wajen Ernest Rutherford a 1912.

A lokacin Rutherford ya nuna cewa kusan dukan nauyin ƙwayar zarra yana cikin wata 'yar mitsitsiyar cibiya ne, ilektaron suna waje. Sai dai akwai cikas. A lissafin wancan zamani, ilektaron da ke zagaye dole ya riƙa asarar ƙarfi har ya faɗa cikin cibiyar, komai ya ruguje. Ga shi kuwa duniya ba ta ruguje ba.

A 1913 Bohr ya kawo amsa. Ya ce ilektaron yana da matakai ƙayyadaddu kamar na tsani, ba ya tsayawa tsakanin mataki da mataki. In ya samu ƙarfi sai ya haye sama, in ya sauko sai ya biya da haske mai launi takamaimai. Shi ya sa in gishiri ya zuba a wuta za ka ga harshenta ya yi rawaya. Daga nan aka samo ƙidayar da yaranmu ke haddacewa. Sodiyam yana da ilektaron 11, an jera su 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, an jera su 2, 8, 7. Wannan yana da rarar ɗaya, wancan yana neman ɗaya ya cika takwas, sai ciniki ya faɗa, ga gishirin miya. An ba shi kyautar Nobel a 1922.

Amma fa lissafin nasa a kan haidurojin, mai ilektaron ɗaya tak, ya yi daidai. Da aka kai shi kan manyan ƙwayoyi sai ya riƙa kuskure. A nan ne halin mutumin ya fito. A cibiyar bincike da ya buɗe a Kofanhegan a 1921, shi da kansa ya tara samari masu kaifin ƙwaƙwalwa, ya sama musu wurin zama da kuɗin karatu, alhali aikinsu zai ture nasa. A 1926 Erwin Schrödinger ya fito da sabon lissafi. Bohr ya gayyato shi gidansa suka yi ta muhawara, har baƙon ya kwanta rashin lafiya, uwargida Margrethe tana jinya, maigida yana bakin gado bai fasa gardama ba. A 1927 Werner Heisenberg, yana zaune a wajen Bohr, ya nuna cewa ba za a iya sanin inda ilektaron yake da yadda yake gudu daidai-wa-daida a lokaci guda ba. Daga nan aka bar maganar da'ira, aka koma maganar yankin da aka fi sa ran samun ilektaron, wato obital. Su ne s, p, d, f na littafin yara. Na s kamar ƙwallo yake, na p kamar kalangu, kuma kowane obital ba ya ɗaukar fiye da ilektaron 2.

Ya ga jarrabawa iri-iri. Babban ɗansa ya nutse a teku a 1934. Jamus ta mamaye Denmak a 1940, kuma a Satumban 1943 ya tsere cikin dare a jirgin ruwa zuwa Suwidin. Bai tsaya kan ceton kansa ba, ya roƙi sarkin ƙasar a bayyana cewa za a karɓi Yahudawan Denmak, kuma kimanin mutum 7,000 suka tsira. Ya taimaka a aikin bam ɗin nukiliya a Amurka, amma a 1944 ya gana da Churchill da Roosevelt yana gargaɗin cewa ɓoye wannan ilimi zai haifar da gasar makamai. Ba su saurare shi ba, abin da ya hango kuwa ya faru. Ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 1962. Ɗansa Aage ma ya samu Nobel a 1975.

'Yan'uwa, mu a nan Sabo muna da hanzarin janye yaro daga aji mu zaunar da shi a shago da zarar ya faɗi jarrabawa sau ɗaya. Wannan bawan Allah an gyara masa aikin da ya yi suna da shi, da hannun yaran da ya rena, bai ji an ci masa fuska ba, kuma har yau da zanensa ake fara wa ɗalibi kafin a kai shi ga obital. In yaro ya zo gida yana ƙorafin malami ya koya masa abu bara, bana ya ce ba haka yake ba, kada mu ce boko ƙarya ne. Tsani ne yake hawa, mu biya masa kuɗin mataki na gaba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, amin.