Marigayi Kyaftin Chari Maigumeri, Sojan Da Ya Ga Yaƙin Duniya Biyu

A cikin mazajen da ƙasar nan ta haifa waɗanda suka yi suna a fagen fama, kaɗan ne tarihinsu ya kai na marigayi Chari Maigumeri ban mamaki. Mutumin ƙasar Barno ne, ya kuwa fara ɗaukar bindiga tun yana saurayi a rundunar Jamusawa, a zamanin da suke mulkin Kamaru.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Chari yana cikin askarawan da suka tsare garin Garwa daga farmakin sojan Ingila da na Faransa. Saboda jaruntakar da ya nuna, Jamusawa suka ba shi lambarsu ta yabo wadda ake kira Iron Cross. A watan Yuni na 1915 Garwa ta faɗi, aka kama shi fursunan yaƙi.

A 1917 ya shiga rundunar sojan Nijeriya ƙarƙashin Ingilishi. Ba da jimawa ba aka kai shi Gabashin Afirka, inda ya fuskanci Jamusawan da ya yi wa aiki a dā, waɗanda Janar Lettow-Vorbeck yake jagoranta. Wannan yaƙi ya ci mutanen Nijeriya da yawa, wasu ta bakin bindiga, wasu ta yunwa da cuta a cikin daji. Chari ya komo gida lafiya, ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama Sajamanjan Bataliya ta Uku a 1928.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, sai ga shi ya sāke komawa Gabashin Afirka a 1940, wannan karo yana dattijo a cikin samarin da yake horarwa. Abokan gāba kuma sojan Italiya ne. Rundunar Nijeriya ta ratsa daga Kenya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, ta wuce Harar a ƙasar Habasha. A wannan yaƙi ne aka ba Chari lambar jarumta ta Military Medal. Daga bisani ya tafi ƙasar Bama, inda sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a cikin kurmi da ruwan sama, ya kuma sami lambar British Empire Medal a 1944.

Da aka ƙare yaƙi, yana cikin waɗanda suka wakilci Nijeriya a faretin nasara a Landan a 1946, ya kuma halarci bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953. A shekarar ce ya ajiye aiki bayan shekara 36 yana cikin damara, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa.

Abin lura a nan shi ne, duk da wannan ƙwazo, tsarin mulkin mallaka bai ba shi damar zama hafsa mai ba da umarni ba tun yana bakin aiki. Shekara 25 ya yi yana Sajamanja, ƙananan hafsoshi Turawa suna zuwa suna koyon aiki a hannunsa, shi kuwa yana sara musu. Sai a ƙarshen zamaninsa ƙofa ta fara buɗewa. A 1953, shekarar da ya yi murabus, wani ɗan lardin Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar soja ta Sandhurst da muƙamin hafsa.

Bayan samun mulkin kai, rundunar sojan Nijeriya ta sa wa barikinta na Lakwaja sunan Chari Maigumeri. Dubban takwarorinsa da suka je Habasha da Bama daga garuruwa da ƙauyukan Arewa sun koma gona da kasuwa ba tare da an rubuta sunayensu ko'ina ba. Ya kamata jikokinsu su riƙa tambayar dattawa labarinsu, su rubuta shi tun masu tunawa suna raye. Allah Ya jiƙan mazan jiya.