Yaron Da Gari Ya Gaji Da Shi: Labarin Louis Zamperini

Ya kai mai karatu, ko akwai yaro a gidanka wanda ya gagare ka? Ka yi faɗa, ka yi bulala, uwarsa ta yi kuka, amma duk a banza. A Filinge da ƙauyukan Kurfai iyaye da yawa suna kwana da wannan baƙin ciki. To, saurari labarin wani yaro irinsa.

An haifi Louis Zamperini a Amurka a shekarar 1917. Iyayensa baƙi ne daga Italiya. Da yake bai iya Turanci sosai ba, sai yaran makaranta suka riƙa yi masa ba'a suna dukansa. Shi kuwa ya zama ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Tun bai kai shekara 10 ba ya fara shan taba da giya. Ga sata, ga faɗa. Ƴan sandan garin Torrance duk sun san shi.

Amma wansa, Pete, bai fid da rai ba. Ya lura ƙanen nan in ya yi sata ba mai iya kama shi, sai ya sa shi cikin masu tsere na makaranta. Yakan hau keke yana bin sa, Louis na gudu a ƙasa. A hankali yaron ya bar taba da giya. A 1934 ya gudu mil ɗaya cikin minti 4 da daƙiƙa 21, abin da wani ɗan makaranta bai taɓa yi ba. A 1936, yana da shekara 19, ƙasarsa ta aike shi wasannin Olamfik a Berlin ta Jamus, ya zo na 8 a tseren kilomita 5.

Kada ka ce labari ya ƙare. Gudu ya gyara halinsa a idon mutane, amma bai kai ga zuciyarsa ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, ya zama sojan sama. A watan Mayu 1943 jirginsu ya faɗa cikin teku. Cikin mutum 11, uku suka tsira a kan ɗan kwalekwalen roba, ɗaya kuma ya mutu daga baya. Kwana 47 ruwa yana tafiya da su, nisan da ya fi daga Filinge zuwa Yamai sau 15. Ruwan sama suke tarawa su sha, suna cin ɗanyen kifi da tsuntsu. A nan Louis ya yi wa Allah alkawari, in ya cece shi zai bauta masa muddin ransa.

Sojojin Japan suka kama su. Ya yi shekara biyu da wani abu a bursuna, wani mai gadi, Watanabe, yana dukansa ba tausayi. A gida har an ba da sanarwar mutuwarsa.

A 1945 ya komo, aka tarye shi da murna, a 1946 kuma ya yi aure. Amma ya manta alkawarinsa. Kowane dare yana mafarkin Watanabe, ya ƙudurta sai ya kashe shi. Ya koma ga giya, har aurensa ya kusa mutuwa.

A 1949 matarsa Cynthia ta je taron wa'azi a Los Angeles, inda Billy Graham yake shelar bishara, wannan da ya zo Kaduna da Jos a 1960. Ta ba da gaskiya, ta matsa wa mijinta ya zo. Ran fari ya fita da fushi. Da ya sāke zuwa, sai ya tuna da alkawarin nan na kan teku. Ya tuba, ya karɓi Yesu Almasihu. Ya koma gida ya zubar da giyarsa duka, mafarkin kuma bai ƙara zuwa ba.

A 1950 ya koma Japan, ya shiga kurkukun Sugamo, ya gafarta wa waɗanda suka tsare shi. Daga baya ya buɗe sansani domin yara gagararru irinsa. A 1998, yana tsoho, ya sāke gudu a Japan riƙe da wutar Olamfik. Watanabe ya ƙi ganinsa, duk da haka ya aika masa da saƙon gafara. Ya rasu a 2014, yana da shekara 97.

Kai uba, ke uwa, kada ku kori ɗanku. Ku dubi abin da ya iya, ko kokawa ce, ko kiwo, ko noma, ku tsaya kusa da shi kamar Pete, kuna yi masa addu'a. Ku karanta Luka sura 15 tare da iyalinku.

Kai kuma saurayi, ƙarfin ƙafa ba ya wanke zunubi. Louis ya tsere wa ƴan sanda, ya tsira daga teku, amma bai sami salama ba sai da ya durƙusa gaban Mai Ceto. Wane alkawari ka yi wa Allah ranar wahala? Ka cika shi yau.