Malam Abdullahi na Gwandu, Masanin Ginin Kalma

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin jihadi ya san sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Mun san shi da jaruntaka a fagen fama, mun kuma san shi da sarautar Gwandu. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa wanda ba safai ake faɗa mana ba, watau gwanintarsa a ilmin sarfu, ilmin da ke bayyana yadda ake gina kalma daga 'yan ƙananan sassa masu ma'ana. A kan wannan nake so in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani.

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir wajen shekarar 1766, a gidan malamai na Fulani Toronkawa. A wurin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun wansa Shehu Usmanu, wanda ya karantar da shi nahawu da fiƙihu da tauhidi da waƙoƙin Larabawa. Ya kuma ɗauki karatu a wurin waɗansu malaman, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Duk inda Shehu ya tafi wa'azi, ko Kabi ko Zamfara, yana biye da shi, yana koyo yana kuma koyarwa.

Sa'ad da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin shekarar 1804. Malam Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya ja runduna a yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, inda aka ci nasara a kan Gobirawa. Cikin 1805 ya ci Birnin Kabi.

To, amma nasara ba ta rufe masa ido ba. Da ya ga waɗansu mayaƙa sun soma karkata ga son ganima da mulki, sai ransa ya ɓaci, ya bar sansani cikin 1807 da niyyar tafiya Makka. Hanya ta biyo da shi ta Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya nuna musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma wurin wansa. Ashe ke nan mu mutanen ƙasar Kano muna da rabo na musamman a cikin ilminsa.

Cikin 1812 Shehu ya raba aikin kula da ƙasa gida biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Malam Abdullahi yamma. Ya zauna a Boɗinga, daga baya ya koma Gwandu. Duk da nauyin jama'a bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Ta'awili, ya rubuta Bahrul Muhiɗi a kan nahawu, ya kuma tsara Hisnur Rasini a kan sarfu, a waƙe, baiti kimanin 1,000, don almajiri ya ji daɗin haddacewa. Ma'anar sunan littafin ita ce ganuwa mai ƙarfi.

Shin mene ne sarfu? A Larabci yawancin kalmomi suna tsirowa ne daga saiwa mai baƙaƙe uku. Alal misali, baƙaƙen k, t, b suna ɗauke da ma'anar rubutu. Idan aka zuba su a ma'auni dabam dabam sai a sami kataba, ya rubuta, kutiba, an rubuta, katib, marubuci, maktub, abin da aka rubuta, da kitab, wadda ita ce asalin kalmarmu ta littafi. Haka nan ilmi da malam da ulama'u duk 'yan gida ɗaya ne, saiwarsu guda. Wanda ya san ma'aunan nan, in ya gamu da kalmar da bai taɓa gani ba, zai iya kwance ta ya gane inda ta dosa.

Wani zai yi mamaki, ya ce me ya kai mai riƙe da rabin daula ga ƙidayar baƙaƙe da wasula? Ni a ganina amsar a fili take. Malam Abdullahi mutum ne da ya tsaya a kan a yi hukunci da ilmi, littattafan shari'a kuwa da Larabci suke. Tsakanin ƙatil, wanda ya yi kisa, da maƙtul, wanda aka kashe, ba wani bambanci sai na ma'auni. Alƙalin da bai rarrabe su ba yana iya ɗora wa mai gaskiya laifi. Mai tafsirin da ya karanta aikatau na wanda ya yi aiki a matsayin na wanda aka yi wa, ya juyar da ma'anar aya ke nan. Don haka ne malamai suke ɗaukar sarfu a matsayin katangar da ke tsare sauran ilmi.

Kada mu zaci Larabci kaɗai ke da wannan tsari. Hausarmu ma haka take, sai dai mun saba da ita har ba ma lura. A nan Achika kowa ya san manomi da maƙeri da masaƙi. Wannan ma ɗin da ke goshin kalma ita ce ke nuna mai yin aiki. Ita ce kuma ke nuna wurin aiki a maƙera da majema da makaranta, ko abin aiki a mabuɗi da magirbi. Daga Kano muke samun Bakano da Kanawa da Kananci. Daga turmi muke samun turame, inda aka cusa wasali a cikin kalma. Malamanmu na Hausa suna kiran waɗannan ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da ɗafa-ciki.

Mu dubi aikatau kuma. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, in aka ce mutum ya sayi sa, kuɗi ya biya. In aka ce ya sayo sa, ya taho da shi gida. In aka ce ya saye shanun, bai rage ko ɗaya ba. In kuwa aka ce ya sayar da sa, to, san ya bar hannunsa. Saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalma kawai ya sake, amma wanda ya rikita su a gaban shaidu yana iya rasa dukiyarsa. Wani Bature malamin Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya tsara irin waɗannan sigogi na aikatau zuwa aji bakwai cikin 1960. Abin da Malam Abdullahi ya yi wa Larabci, irinsa masana suka zo suna yi wa Hausa.

Malam Abdullahi ya rasu cikin 1829, aka binne shi a Gwandu, kuma daga zuriyarsa sarakunan Gwandu suke fitowa. Yaƙe-yaƙensa sun zama labari, amma littattafansa na nan ana karanta su a zaurukan malamai.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu daina gudun darasin nahawu, muna cewa ai mun iya Hausa tun daga gida. Jin harshe dabam, sanin ƙirarsa dabam. Iyayenmu kuma ina roƙonsu kada su ga yaron da ya zaɓi nazarin harshe kamar ya yi asarar kuɗin makaranta. Mutumin da ya ci Birnin Kabi bai raina wannan ilmi ba, balle mu. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba mu albarkacin ilminsa, amin.